Rama Ce Ko Yakuwa? Ku Tambayi Ƙoƙon Fure

Ruwa ya fara ɗaukewa, gero ya shiga rumbu, dawa tana kan hanya. Duk wanda ke bin hanyar ƙasa zuwa makaranta da sassafe a 'yan kwanakin nan zai ga wani fure a bakin gonaki, da cikin saura, da gefen kududdufi: fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, tsakiyarsa kuma ja wur har ya yi duhu. Da safe yana buɗe, kafin a tashi daga makaranta ya yanƙwane. Gobe wani sabo ne zai buɗe a samansa.

Ku tsayar da abokanku uku a gaban wannan tsiro ku tambaye su sunansa. Ɗaya zai ce rama, ɗaya zai ce yakuwa, na ukun zai ce ai wannan ta daji ce, ba ta da suna. Kowannensu yana iya yin daidai, domin tsirrai uku ne daban suke fitar da fure mai wannan kama, kuma a wuri guda suke son fitowa. Aikinmu na wannan mako shi ne mu koyi raba su, yadda idan kun faɗi suna za ku iya nuna hujja da yatsa.

Mu fara da dalilin da ya sa sai yanzu suke fure. Rama da yakuwa suna cikin tsirran da ke lura da tsawon yini. Muddin yini yana da tsawo, kamar a watan Yuni da Yuli, ganye da tsayi kawai suke ƙarawa. Sai dare ya fara tsawo, yini ya fara raguwa, sannan su juya ga fure. Shi ya sa wadda aka shuka da ruwan farko da wadda ta fito a makare sukan yi fure kusan lokaci guda, sai dai ta farkon ta fi tsayi. Wannan ya yi mana daɗi, domin abin da za mu duba ba ya samuwa sai da fure, kuma yanzu ne lokacinsa.

Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana tsirrai suke kira Hibiscus, wanda ke da nau'i ɗaruruwa a ƙasashe masu zafi. Furen nan ja babba da ake shukawa don ado a harabar makarantu da asibitoci shi ma ɗan gidan ne. Gidan kuma yana cikin babban dangi mai suna Malvaceae, inda za ku tarar da kuɓewa da auduga, kuma a sabon lissafin masana har da lalo, da kuka, da rimi, da goro. Kusan rabin tukunyar miyarmu ke nan dangi ɗaya. Alamar gidan a fure take: falle biyar masu launi, sannan wata 'yar sanda a tsakiya wadda garin fure ya lulluɓe. Ku duba furen kuɓewa ko na auduga a gonar makaranta, za ku ga wannan fasali.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus shi ne ya raɗa wa biyu daga cikinsu sunan kimiyya. A 1753 ya kira yakuwa Hibiscus sabdariffa, a 1759 ya kira rama Hibiscus cannabinus. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu sunan nau'i, kamar yadda ake rubuta sunan mahaifi da na ɗalibi a rajista. Wannan suna na rama yana da labari. Ma'anarsa mai kama da tabar wiwi, domin ganyen rama na sama yakan rabu yatsu-yatsu kamar na wiwi, har wanda bai sani ba ya tsorata. Tun da mun zo nan, bari mu raba su, kada wata rana a ga ganye a jakar ɗayanku a yi masa mummunan zato. Yatsun ganyen wiwi kowanne a ware yake har zuwa inda ya haɗu da sandar ganye. Na rama a haɗe suke daga gindi, kamar yatsun hannu da tafi. Wiwi kuma ba ya yin babban fure mai launi ko kaɗan. Babu dangantaka tsakaninsu, kama ce kawai, kuma kama da wane ba wane ba ne.

Yanzu mu koma ga rama da yakuwa. Wani zai ce ai waɗannan na gona ne, me ya kawo su maganar daji? Abin da ya kawo su shi ne 'ya'yansu suna zuba. Kwanson ya bushe ya tsage, 'ya'ya su watse, ruwa ya ja wasu, dabbobi su kai wasu nesa. Damina ta gaba sai su fito gyauro a inda babu wanda ya shuka su. Rama ma tun asali tsiron Afirka ce, tana fitowa da kanta a daji tun kafin a fara noma ta. Wadda ta fito a dajin ba ta samun taki, ba ta samun noma, saboda haka ba ta yin kyan gani irin na littafi. Takan yi gajarta, ta yi rassa, ta ƙara ƙaya. A nan ido yake ruɗewa.

Abin da kowa yake fara kamawa shi ne ganye, kuma shi ne ya fi yaudara. Ku sami rama guda ɗaya mai tsayi ku bi ta daga ƙasa zuwa sama. Ganyen ƙasa mai faɗi ne, bai rabu ba, kusan siffar zuciya. A tsakiya ya rabu uku, sama kaɗan ya rabu biyar, wani har bakwai. Can ƙoli inda furanni suke, sai ya koma siriri guda ɗaya kamar kan mashi. Tsiro ɗaya, ganye kala huɗu. Yakuwa ma haka take yi, na ƙasa bai rabu ba, na sama ya rabu uku ko biyar. Akwai ma irin ramar da ganyenta ba ya rabuwa sam har ta tsufa. To wanda ya tsinko ganye ɗaya ya kawo aji yana neman a faɗa masa suna, ya kawo rabin tambaya ne. Ko a ƙarƙashin ganyen sun yi tarayya: ku juya shi, kusa da gindin babbar jijiya ta tsakiya za ku ga wani ɗan tabo kamar an tsaga da allura. Wani ruwa mai zaƙi yake fitarwa, shi ya sa kiyashi ba sa rabuwa da wurin. Dukkansu suna da shi.

Launi shi ne mayaudari na biyu. Mun saba cewa yakuwa ja ce, rama kore ce. Sau da yawa haka ne. Amma wanda ya taɓa ganin farin zoɓo a kasuwa ya san akwai yakuwar da babu ja a jikinta, karanta kore, ƙoƙonta fari-fari. Akwai kuma rama mai jan kara, har da mai shunayya-shunayya. Idan da launi kaɗai kuke aiki, waɗannan biyun za su kayar da ku.

Kara ya ɗan fi gaskiya. Ku shafa shi a hankali da bayan yatsa, daga sama zuwa ƙasa. Na yakuwa sumul yake. Na rama yakan sami ƙananan ƙayoyi jefi-jefi, har a sandar ganye, musamman wadda ta fito da kanta. Yakuwa tana son yin rassa tun daga ƙasa ta zama kamar ƙaramin kurmi, ba ta cika wuce mita biyu ba. Rama tana son miƙewa sama, idan an shuka ta a matse takan kai mita huɗu ko fiye, shi ya sa ɓawonta yake ba da zare mai tsawo na igiya. Sai dai manoma sun daɗe suna zaɓen rama marar ƙaya don sauƙin aiki, kuma akwai wani irin yakuwa dogo da ake nomawa a Indiya da Tailan don zare kawai, wanda daga nesa ba za ku raba shi da rama ba. Kara shaida ne, amma shaida ɗaya ba ta gama shari'a.

Wanda ba ya ƙarya shi ne ƙoƙon fure. Ku kama furen ku juya bayansa. Fallayen nan biyar masu launi suna zaune ne cikin wani ɗan ƙoƙo mai baki biyar, wanda littafin bayoloji yake kira kaliks. A ƙarƙashin ƙoƙon akwai wasu siraran 'yan yatsu da suka kewaye shi kamar zobe, su ne efikaliks. Aikin ƙoƙon shi ne ya rufe furen tun yana ƙunshe. A yawancin tsirrai, da fure ya buɗe aikin ƙoƙo ya ƙare. A gidan Hibiscus yakan zauna ya rungumi kwanson 'ya'ya har ya nuna, kuma a wannan zama ne rama da yakuwa suke rabuwa hanya.

A yakuwa, da fallayen sun faɗi sai ƙoƙon ya fara kumbura. Ya yi kauri, ya yi tsoka, ya cika da ruwa mai tsami, ya yi sheƙi, har ya rufe kwanson gaba ɗaya. Idan kun karya shi yana yin ƙas kamar ɗanyar albasa. Kun san shi sarai, domin shi ne zoɓo. Mutane da yawa, har da manya, suna cewa da furen yakuwa ake yin zoɓo. Furen kwana ɗaya yake yi ya faɗi ƙasa. Abin da ake ɓarewa bayan makonni, a shanya a rana, a auna a kwano, ƙoƙo ne. Idan wannan kaɗai kuka ɗauka daga filin yau, kun sami abin kayar da yayyenku a hira.

A rama ƙoƙon ba ya yin tsoka ko da an jira shekara. Bushewa yake yi ya yi tauri. Bakunansa biyar dogaye ne masu tsini, jikinsa da gashi mai kaifi, kuma a tsakiyar kowane baki akwai ɗan kumburi irin mai fitar da ruwan zaƙin nan. Sai babbar alama, wadda muke so ku riƙe da kyau domin za mu sake bukatarta: tsakanin jijiyoyin ƙoƙon, musamman wajen gindi, akwai wani farin gashi mai laushi a kwance, kamar an shafa auduga ko saƙar gizo-gizo. Da ido ma ana ganinsa, ƙoƙon yakan yi kamar an barbaɗa masa toka. Idan akwai gilashin ƙara girman abu a ɗakin gwaje-gwajenku ku ara, in babu, kyamarar waya ta isa idan aka matso da ita. Ku yi hattara da kwanson kansa. Gashinsa yana shiga fata, ƙaiƙayinsa kuma ba ya barin mutum ya saurari darasi.

Idan kun zo a makare, fure ya wuce, ƙoƙo ya bushe, ku fasa kwanson a kan takarda. 'Ya'yan yakuwa, wato gurguzu, masu lanƙwasa ne kamar ƙoda, launinsu ƙasa-ƙasa mai duhu. Na rama suna da kusurwa, kamar an yanko su da wuƙa, launinsu ya fi karkata ga toka-toka ko baƙi. Ku zuba biyar-biyar gefe da gefe, ba za ku sake ruɗewa ba. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne ga gidan da ke sayen iri a kasuwa. Zoɓo yanzu amfanin gona ne na kuɗi. Daga Jigawa da maƙwabtanta ake tara shi buhu-buhu, ana fitar da shi har ƙasar Meziko, inda suke yin abin sha da shi kamar yadda muke yi. A Sudan da Masar sunansa karkade, a Senegal bisap, a Gana sobolo. Manomin da ya shuka iri mai gauraye da rama ba zai gane ba sai kaka, lokacin da wasu layukan suka ba shi ƙoƙo busasshe mai ƙaiƙayi a madadin abin sayarwa. Ɗalibin da ya iya duba iri a tafin hannu ya ce wannan ba gurguzu ba ne, ya yi wa gidansu aikin damina guda.

Gurguzun ma ba a zubar da shi. Da shi ake yin daddawar batso, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka san ta sosai. Ganyen yakuwa ya shiga fate da miyar taushe, na rama ya shiga kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Iyayenmu mata ba sa ruɗewa tsakanin su biyun ko a duhu, sai dai su da hannu da harshe suka sani, mu kuma muna so mu ƙara da sanin dalili.

Dalilin yana can cikin ƙwayar halitta. 'Yan aji biyar da aji shida sun ji labarin kuromosom, 'yan zaren nan da ke ɗauke da gadon halitta. Mutum yana da 46. Rama tana da 36. Yakuwa tana da 72, ninki biyu cif. Saboda wannan bambanci, ko da ƙudan zuma ya ɗauki garin furen rama ya kai wa yakuwa, da wuya ƙwarai a sami iri, in ma an samu, abin da ya fito yawanci ba ya haihuwa. Misalin da kuka sani shi ne alfadari: doki yana da 64, jaki yana da 62, ɗansu ya tashi da 63, ga ƙarfi amma babu zuriya. Shi ya sa rama da yakuwa suke zaune kunya ɗaya shekara da shekaru, kowacce tana nan a matsayinta. Wannan shi ne abin da ake nufi idan an ce nau'i biyu ne daban, ba iri biyu na abu ɗaya ba. Jan zoɓo da farin zoɓo iri biyu ne na nau'i ɗaya, suna iya haɗuwa su haihu lafiya.

To, wannan duka share fage ne. Ainihin jarrabawar tana wurin ta ukun, wadda abokinku ya ce ba ta da suna.

Tana da suna. A 1849 wani masani Bature ɗan Ingila, Joseph Hooker, ya bayyana ta a wani littafi kan tsirran yankin kogin Neja da gaɓar Afirka ta Yamma, ya kira ta Hibiscus asper. Kalmar asper da Latin tana nufin mai kaushi. Ita ba a cika shuka ta ba, da kanta take fitowa a saura, da cikin ciyawa, da wuraren da ruwa yake ɗan kwanciya, a faɗin Afirka mai zafi. A wurare da dama ana tsinko ganyenta a dafa, domin yana da ɗan tsami kamar na 'yan'uwanta. A nan za mu kira ta mai kaushi. A garinku tana iya amsa wani suna, kuma sunaye irin su yakuwar daji ko ramar daji ba abin dogaro ba ne, domin duk abin da ya yi kama da na gida aka same shi a daji, haka ake ce masa.

Raba ta da yakuwa ba wuya: ƙoƙonta ba ya tsoka, karanta yana da ƙaya. Raba ta da ramar da ta fito gyauro shi ne aiki. Tsayinsu ɗaya, furensu kusan ɗaya, dukkansu da ƙaya, dukkansu ganyen sama ya rabu yatsu. Ku fara da taɓawa. Ganyen rama, ko da sandarsa tana da ƙaya, fuskarsa kusan sumul take. Na mai kaushi yana kama yatsa, sama da ƙasa, kamar harshen mage. Sannan ku dubi gefen yatsun ganyen. Na rama yana da haƙora ƙanana a jere kamar zarto, ƙarshensa da tsini. Na mai kaushi sau da yawa gefen yana shiga yana fita ba bisa tsari ba, kamar an yage shi da hannu. Ku duba kuma inda ganye ya haɗu da kara: rama takan ajiye fure ɗaya a kowace gaɓa, mai kaushi kuwa sau da yawa takan tara biyu ko uku wuri guda, manne da kara.

Duk waɗannan muna cewa sau da yawa, domin tsiro ba ya karanta littafi. Hukunci yana wurin ƙoƙo. Ku nemi farin gashin nan mai kama da auduga. Idan yana nan kwance tsakanin jijiyoyi, rama ce, ko a tsakiyar daji kuka same ta. Idan ƙoƙon gashi mai tauri ne kawai a tsaye, kuna ganin koren fatarsa ko ja-ja a fili babu wannan farin lulluɓi, to kun bar rama, kuma idan ganyen yana da kaushin da muka faɗa, mai kaushi ce a hannunku. Ku duba ƙoƙo uku ko huɗu a tsiro ɗaya, masu ɗanye, kada ku yanke hukunci da tsoho guda wanda ruwa da iska suka goge.

Kada ku ji kunya idan kun tsaya kuna shakka a kan wani tsiron. Masana kansu sun yi saɓani a kan waɗannan biyun. Akwai waɗanda suka ɗauke su nau'i ɗaya, suka ce mai kaushi ramar daji ce kawai. Akwai waɗanda suka raba su, kuma yawancin littattafan yanzu a rabe suke kawo su. Mu muna tare da masu rabawa, domin alamomin suna tafiya tare: inda aka sami kaushin ganye, a nan ake rasa farin gashin ƙoƙo. Da alama ɗaya ce tilo, da sai a ce bambancin ƙasa ne ko na ruwa. Amma ku lura da yadda ake wannan gardama. Babu wanda ya ci ta da ɗaga murya ko da girman muƙami. Kowa tsirrai yake kawowa a shimfiɗa a tebur, a ƙirga, a auna, a gwada.

Wani zai tambaya, ciyawar da awaki ke ci, me ya dame mu da sunanta? Ga dalili ɗaya. Rama tana fama da wata tsutsa ƙarama da ido ba ya gani, wadda ke shiga saiwa ta sa ta yi ƙulli-ƙulli, tsiron ya tsumbure. Yakuwa ta fi ta jure wannan tsutsa. Masu binciken inganta iri, irin waɗanda ke aiki a kan rama a cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan, kullum suna neman inda za su samo juriya irin wannan, ta cuta ko ta fari, kuma wurin da ake fara dubawa shi ne 'yan'uwan amfanin gona da ke daji, waɗanda suka rayu shekaru aru-aru babu mai yi musu feshi. Ba za a iya neman abu a wurin tsiron da ba a iya gane shi ba. Kuma saurar da yake fitowa tana raguwa kowace shekara, gidaje da gonaki suna cinye ta.

Akwai wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, da ya yi aiki a ƙasar Hausa farkon ƙarnin da ya wuce. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowane suna da takwaransa na kimiyya. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya tattara su. Sama da shekara ɗari ke nan, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi. Sunayen da kakanninku suka sani waɗanda ba su shiga wannan littafi ba, babu mai rubuta su sai ku.

Ga yadda za ku mayar da abin da muka faɗa ya zama mabuɗi, irin wanda ake koya muku a bayoloji, mai tambaya ɗaya amsa biyu. Tambayar farko: ƙoƙon yana da tsoka da ruwa, ko busasshe ne mai gashi? In mai tsoka ne, yakuwa ce, an gama. In busasshe ne, sai tambaya ta biyu: akwai farin gashi mai laushi a kwance, ko babu? In akwai, rama. In babu, sai ta uku: ganyen yana da kaushi? Ku lura ba mu sa launi a ciki ba, ba mu sa yawan yatsun ganye ba. Mabuɗi mai kyau da alamar da ba ta canzawa yake farawa. Idan kuma tsironku ya ƙi shiga ko'ina, misali 'yan yatsun ƙarƙashin ƙoƙon sun rabu biyu a ƙarshe kamar baki mai reshe, ko tsiron yana yaɗo yana kama wasu da ƙaya, to kun gamu da wani ɗan gidan ne daban, domin ba su uku kaɗai ba ne a ƙasarmu. Kada ku tilasta masa suna. Ku adana shi.

Adanawar ba ta bukatar kuɗi. Ku yanko reshe mai tsawon kamar taƙi ɗaya da rabi wanda yake da fure ko ƙoƙo, ku haɗa da ganye ɗaya na ƙasa da ɗaya na tsakiya. Ku shimfiɗa a cikin tsohuwar jarida, har wannan da ke hannunku idan kowa ya gama karantawa, ku juya ganye ɗaya ya kwanta a bayansa don a ga ƙarƙashinsa. Ku ɗora katako da manyan littattafai ko bulo. Ku canza takardar kullum a kwana ukun farko, in ba haka ba zai yi fumfuna, musamman ƙoƙon yakuwa mai ruwa, wanda ya fi kyau a tsaga shi biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya bushe. Sai ku manna a farar takarda mai kauri ku rubuta rana da wata da shekara, sunan gari, irin wurin, tsayin tsiron, launin fure tun yana ɗanye domin zai koɗe, sunan da mutanen wurin suke kiransa, da sunanku. Reshen da babu wannan bayani ciyawa ce kawai. Da irin waɗannan takardu aka cika ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, kuma da su ake raba gardama irin wadda muka ambata.

Ku je da safe kafin ƙarfe goma, lokacin furen yana buɗe. Ku je ku biyu ko uku, da sanin iyaye ko malami, kuma kada ku yi nisa da gari, bakin gonakin da ke kusa ya wadatar. Ku sa takalmi rufaffe ku riƙe sanda, kaka lokacin macizai ne. Ku nemi izinin mai gona kafin ku yanki ko reshe ɗaya. Kada kuma ku ɗanɗana tsiron da ba ku tabbatar da shi ba don ku ji ko yana da tsami. Ba a sa harshe a mabuɗi.

Aikin gida na wannan mako: kowane kulob na kimiyya ya samo ukun nan, ko biyu in ukun sun gagara, ya zana ƙoƙon kowanne daga gefe, babba, yadda za a ga jijiyoyi da gashi da 'yan yatsun ƙasa, a ƙirga 'yan yatsun a rubuta adadinsu a gefe. Ku tambayi tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya a unguwarku sunan mai kaushi, ku rubuta yadda suka faɗa ba tare da gyara ba, har da sunan garin. Ku aiko mana ta hannun malaminku na bayoloji. Za mu buga zanen da ya fi nuna gaskiyar tsiron, ko da bai fi kyau ba, tare da jerin sunayen da aka samu gari-gari. Sai mun ji daga gare ku.